Sabuwar Kyamara a Bakin Fili: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Yara 'Yan Wasa a Garwa

Wanda ya sayi sabuwar kyamara don ya ɗauki ɗansa yana buga ƙwallo, yawanci ranar farko da ɓacin rai yake komawa gida. Ya cika kati da hotuna, ya zauna yana dubawa: yaron ya yi dishi-dishi, ƙwallon ta riga ta fice daga hoton, fuskoki sun yi duhu ba a gane kowa, amma bishiyar darbejiyar da ke can bayan raga ta fito tar, har ganyenta ana iya ƙirgawa. Daga nan sai a fara zargin mai shago, ko a ce ai gara wayar hannu. Kyamarar lafiyarta ƙalau. An bar ta ne a kan koriyar alamar nan ta Auto, ita kuwa ba ta san ƙwallo ake bugawa ba, ba ta san wane yaro ne naka ba, ba ta kuma san ranar Garwa ba. Kai za ka faɗa mata duk waɗannan, kuma abubuwan da za ka taɓa ba su da yawa.

Kafin mu shiga maɓallai, a cire wani abu daga rai. Garwa gari ne da idonsa ya saba da babban wasa. Ƙungiyar garin, Coton Sport, wadda aka kafa a 1986, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 inda ta kara da Al Ahly ta Masar, kuma a nan Vincent Aboubakar ya yi wasa kafin ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010. A watan Janairun 2022 filin Rumde Ajiya ya karɓi baƙuncin wasu wasannin gasar cin kofin Afirka, inda Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11 ga wata, Kelechi Iheanacho ya jefa ƙwallon. Hotunan da duniya ta gani daga can, da gilasan da kuɗinsu ya fi na mota aka ɗauke su. Kada ka gwada kanka da waɗannan. Kana da abin da su ba su da shi: a filin makaranta a Yelwa ko Pumpumre, ko a wasannin makarantu na FENASSCO, kana iya zama taku uku daga layi, kuma ka san yaran da sunayensu. Kusanci da sanin yaro sun fi tsadar gilashi amfani a wannan aiki.

Haske a hoto kan duwatsu uku yake zaune, kamar tukunya a murhu: in ka matsar da ɗaya, dole sauran biyun su gyara zama. Na farko shi ne saurin ƙyaure, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ta rufe. Na biyu faɗin kafar da haske ke bi a cikin gilashin, wanda ake rubutawa f/4, f/5.6, f/8, ƙaramar lamba ita ce kafa mai faɗi. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi. A hoton wasa na farkon ne sarki, sauran biyun bin sa suke yi.

Don haka juya abin murɗawar da ke saman kyamara zuwa S idan Nikon ce ko Sony, ko Tv idan Canon ce. Wanda kyamararsa ke magana da Faransanci zai ga an rubuta priorité vitesse ko priorité à l'obturation. Sai ka murza ƙaramar dabaran har ka ga 1/1000. Wasu kyamarori 1000 kawai suke nunawa, abu ɗaya ne, amma in ka ga lamba da 'yan ɗigo biyu a kanta, irin 1", to ka bi hanyar baya, daƙiƙa guda cur ke nan. Ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yana tsayar da yaro ɗan shekara goma sha biyu a tsakiyar gudu, da ƙafarsa da ƙwallon. Ga ƙanana 'yan shekara shida ko bakwai, 1/500 ta isa. Bayan wannan sa ISO a kan Auto, ka ƙayyade masa iyaka a 3200, ko 6400 in kyamarar ta 'yan shekarun nan ce. Shi ke nan, kyamara za ta riƙa zaɓen faɗin kafa da ISO da kanta, kai ka riƙe gudun. In rana ta take, za ka ga tana zaune wajen ISO 100 ko 200 da f/5.6, kuma haka ake so.

Akwai ruɗin da ya kamata a kawar tun yanzu. A jikin gilasai da yawa an rubuta VR ko IS ko OSS, mai sayarwa kuma zai ce maka wannan yana hana hoto rawa. Rawar hannunka yake ragewa. Bai da ikon tsayar da yaron da ke gudu. Saurin ƙyaure ne kaɗai ke yin wannan.

Abu na biyu shi ne saiti, wanda masu hoto a nan ke ce wa mise au point, kuma shi ne ya sa darbejiya ta fito tar yaro ya ɓace. Kyamara daga kwali takan zo ne da saitin abin da ke tsaye: ka danna maɓalli rabi, ta kama, ta kulle. Yaron da ke tahowa da gudu ya bar wurin kafin ka ƙarasa dannawa. Nemi AF-C a Nikon da Sony, AI Servo ko Servo a Canon. A wannan yanayi, muddin yatsanka na kan maɓallin rabin dannawa, kyamara na bin abin da ka nuna mata. Sannan ka hana ta zaɓen wurin da za ta kama da kanta. Zaɓi ɗigo ɗaya na tsakiya, ko ɗan ƙaramin rukunin ɗigogi, ka ɗora shi a ƙirjin yaron. Ƙirji na ce, ba fuska ba, domin kai ƙarami ne kuma yana lilo, jesi kuwa tana da faɗi da rubutu da launi da kyamara ke saurin kamawa. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki suna gane fuska da ido, kuma suna ƙoƙari ƙwarai, amma in yara goma sun taru a kan ƙwallo ɗaya sai su riƙa tsalle daga wannan fuska zuwa waccan. A irin wannan cunkoso ƙaramin rukunin ɗigogi ya fi.

Wannan sai da koyo a gida, ba a ranar wasa ba. Sa yaron ya tsaya can ƙarshen layinku ya rugo wajenka. Kama ƙirjinsa tun yana nesa, riƙe maɓallin rabi, bi shi, ka danna sau uku kafin ya iso. Duba hotunan, ka faɗaɗa su a allon kyamara har idonsa ya cika allon. In gashin ido ya fito, ka samu. Maimaita yana gudu a gicciye. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, ido a tagar leƙe, ba a miƙa kyamara gaba ana kallon allo yadda ake yi da waya ba. In kana wannan atisaye a waje, ka kiyayi juya kyamara wajen barikin soja, filin jirgin sama, ko gine-ginen gwamnati. A Kamaru ba a wasa da wannan.

Yanzu ga batun da littafin da ke cikin kwalin ba zai gaya maka ba, kuma a ganina shi ne ya fi shafarmu. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin haske. Filayenmu kuwa farin yashi ne ko jar ƙasa mai ƙyalli, samaniya a lokacin hunturu fara ce fat, bangon makaranta sau da yawa farar ƙasa aka shafa masa. Kyamara na ganin wannan farin duka sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Wanda ke shan wahalar ragin shi ne yaron mai baƙar fata, fuskarsa ta koma inuwa. Maganin yana kan maɓallin da ke da alamar +/-. Danna shi ka ƙara zuwa +0.7, in bai isa ba +1. Ɗauki hoton wani yaro tun suna motsa jiki kafin a busa usur, ka kare allon da hularka domin rana ba ta bari a gani, ka duba fuska. Kana ganin ido da hanci da zufar goshi? To bar shi a nan. Samaniya za ta iya yin fari ƙal, farar jesi ma ta rasa ninkinta a kafaɗa. Ni dai na yarda da wannan asara. Ba a taɓa rataye hoton yaro a ɗaki don kyan samaniyar da ke bayansa ba. In gajimare ya rufe rana, ko ka koma wani gefen fili, sake dubawa. Dalili ke nan ma da ya sa nake ba mai koyo shawarar ya zauna a S ko Tv maimakon ya yi gaggawar komawa M, inda shi zai saita komai da hannu: a wasu ƙananan kyamarori wannan maɓalli ba ya aiki a M.

Lokacin wasa ba kai ke sa shi ba, amma ka san abin da kowane lokaci ke bayarwa. Garwa tana wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka da azahar rana a tsakar ka take, ta bar ramin ido baƙi, goshi da hanci suna ƙyalli. Hasken safe daga bakwai zuwa tara, da na bayan la'asar, su ne masu kyau. Sai dai na yamma gajere ne. Wajen ƙarfe shida rana ke faɗuwa, a watan Disamba ma ba ta kai ba, kuma duhu ba ya jira. A rabin awar ƙarshe za ka ga ISO na hawa, 800, 1600, 3200. Bar shi ya hau. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma hoto mai tsaki wanda yaro ya fito a tsaye ya fi mai santsi wanda ba a gane kowa. In ISO ya kai iyakarsa lambobin suka fara ƙyaftawa, sauko da gudun zuwa 1/640, sannan 1/500. Ƙasa da haka, koma ɗaukar waɗanda ke tsaye: gola yana jiran fenariti, koci yana magana da yara. Filashin da ke kan kyamara rufe shi. Haskensa ba ya wuce 'yan mitoci, sai dai ya kashe wa yaro ido.

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, mutane na ƙorafi da shi, amma ga fuska alheri ne, domin yana tausasa rana ya share baƙar inuwa. Illarsa ita ce abin da ke nesa yana dusashewa, saitin ma ya riƙa kai-komo. A ranar hazo ka haƙura da can tsallaken fili.

Inda ka zauna ya fi duk wani maɓalli tasiri. Yawancin iyaye tsakiyar layin gefe suke tsayawa, inda ake ganin wasa da kyau amma ƙeya da kafaɗa kawai ake ɗauka. Je bayan layin ragar da ƙungiyar yaronka ke kai wa hari, tsakanin turken raga da tutar kusurwa, ka ja baya kaɗan don kada ka shiga hanyar 'yan wasa ko ta alƙali. Daga nan yara fuskantarka suke yi in sun taho da ƙwallo. In da hali rana ta kasance a bayanka ko a kafaɗarka. Sannan ka sauka ƙasa. Durƙusa, ko ka zo da kujera 'yar tsugunno. Babba in ya ɗauki yaro daga tsaye, yaron ƙanƙancewa yake yi, ƙasa ta cinye hoton. Daga daidai ƙirjinsa kuwa sai ka ga fuskar ta fito daga ƙarƙashin goshi, in ya yi tsalle a ga sarari tsakanin takalminsa da ƙasa, ƙurar da ya tayar ta tsaya a iska. Kafin ka kafa kujerar, leƙa ta kyamara ka ga abin da ke bayan 'yan wasan. Jerin babura, bola, ko turken wuta da zai fito ta kan yaro, matsawa taku biyar kan kawar da su.

Ka san iyakar gilashinka. Babban fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Gilashin 18-55 da ke zuwa tare da yawancin kyamarori yana cika hoto da yaro ne in yana tsakanin mita 7 zuwa 10 daga gare ka. Mai kaiwa 200 ko 250 yana aiki har mita 25 zuwa 30. Wuce nan, yaron ɗan ɗigo ne. Don haka aikin haƙuri ne: kada ka bi ƙwallo ko'ina da harbi, jira wasa ya shigo yankinka. In za ka ƙara sayen abu ɗaya, gilashin 55-200 ko 55-250 ko 70-300 ne, ko na hannu ne in yana da lafiya. Ga langa da kokawa da ƙwallon hannu kuwa, inda da'irar ƙarama ce, 18-55 ɗin nan ya wadatar. A tseren gudu, tsaya gaba da layin ƙarshe su taho maka.

Kunna ɗauka a jere, wadda ake ce wa rafale, amma kada ka dogara da ita. Canon 2000D hoto 3 take yi a daƙiƙa, Nikon D3500 tana yin 5, Sony a6000 tana kai 11. A kyamara mai 5, tsakanin hoto da hoto akwai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan tsakanin ƙwallon da aka buga da ƙarfi ta yi tafiyar mitoci. Shi ya sa masu danne maɓalli ba sassauci ke samun hoto kafin bugu da hoto bayan bugu, na tsakiyar babu. Kalli ƙafar da yaro ke dogarawa a kai. In ya kafa ta kusa da ƙwallo ya ja ɗayar baya, danna a lokacin, ba sai ka ga bugun ba. Uku ko huɗu a jere, ka ɗaga yatsa. Fara da abin da ka san inda zai faru: bugun kusurwa, jifa daga gefe, fenariti, gola yana bugo ƙwallo. Kuma in ƙwallo ta shiga raga kada ka sauke kyamara don murna ko don duba allo. Bi wanda ya ci. Daƙiƙu goma da ke biyo baya, da gudu da rungume-rungume da ƙaramin cikinsu da ke ƙoƙarin hawa bayan kowa, sau da yawa a nan hoton ranar yake.

Ƙura da zafi su ne abokan gaban kyamara a arewacin Kamaru. Kada ka canza gilashi a bakin fili. Zaɓi ɗaya tun daga gida. In ya zama dole, kashe kyamarar, shiga mota ko aji, ka juya bakinta ƙasa. Ƙurar da ta hau gilashi da 'yar robar hura iska ake kore ta, sannan a bi da ƙyalle mai laushi. Goge ta da bakin riga kankare gilashin ne da yashi. Yawancin masu ƙera kyamara sun rubuta cewa tsakanin digiri 0 da 40 aka yi ta ta yi aiki, a Garwa kuwa Maris da Afrilu suna wuce 40, ga shi jikinta baƙi ne yana shan rana. Yafa mata farin ƙyalle in ba ka ɗauka, kashe ta lokacin hutun rabin lokaci, kada kuma ka bar ta a rufaffiyar mota. Batir na biyu wajibi ne, musamman ga marasa madubi masu saurin cinye shi. Yi caji tun daren jiya da zarar akwai wuta, don in ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da rani an san yadda wutar yankin ke zama. Katin ajiya nemi mai alamar U3 ko V30 daga shagon da ka yarda da shi, jabu sun yi yawa. Bar kyamarar a JPEG mafi girma tukuna. RAW zai jira sai ka fara gyara a kwamfuta.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. Yaran da ke filin 'ya'yan mutane ne. Kafin ka fito da kyamara, gaisa da koci ko shugaban makaranta ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da hotunan. In wasan 'yan mata ne, ƙwallon hannu ko tsere, a tambayi iyaye, wanda ya ce a'a kuma a bar 'yarsa, ba gardama. Hoton da ya nuna yaro cikin kuka, ko wando ya yage, ko sutura ta zame, goge shi nan take. Kada ka haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da makarantarsa da lokacin atisayensu a Facebook, kuma in kyamarar ko wayar da ka haɗa ta da ita tana liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, kashe wannan. Tun Yulin 2023 Kamaru tana da doka ta musamman kan kare yara a intanet. In wani baƙo ya nemi hotunan wani yaro da sunan zai kai shi Turai, ba kai za ka ba shi ba, tura shi wajen iyaye da koci. Ina kuma roƙon duk mai kyamara a bakin fili: kada ka tsaya kan ɗanka da gwanin ƙungiya kaɗai. Ɗauki mai tsaron baya, ɗauki wanda ya wuni a benci yana riƙe da jarkar ruwa. Da yawa cikinsu ba su da hoto ko ɗaya suna wasa.

In ka koma gida, kwashe katin zuwa kwamfuta ko waya, ka yi zaɓe ba tausayi. Wanda ido bai fito ba ya tafi, wanda babu fuska babu ƙwallo ya tafi. In ashirin suka rage cikin ɗari uku, ranar ta yi kyau. Yanke gefen da ba komai, ka daidaita layin ƙasa in ya karkace, amma kada ka yanke ƙafa a idon sawu. Duba bayanan waɗanda suka lalace: kyamara na ajiye gudu da ISO na kowane hoto, kuma a nan za ka gane ko gudun ne ya yi ƙasa ko saitin ne ya kama bango. Wajen tura wa iyaye a WhatsApp, aika a matsayin takarda ko ka danna HD, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton. Waɗanda suka fi kyau kai su situdiyo a wanke su a girman 10 da 15 na santimita, wanda ya yi daidai da fasalin hoton yawancin waɗannan kyamarori, ba sai an datse komai ba, ka rubuta kwanan wata da sunan ƙungiya a baya. Sai ka tabbatar hotunan suna wuri biyu daban kafin ka share katin, kuma a cikin kyamarar za ka share shi, ba a kwamfuta ba.